Goggo Mai Tafarnuwa da Farar da Ke Rataye a Ƙusa

Kafin masu rumfuna su gama ɗage ƙyaurensu, Goggo Mai Tafarnuwa ta riga ta share gaban tata, ta shimfiɗa buhu, ta jera faifai biyu. Na dama na farar tafarnuwa ne, na hagu na ja. Ja ake ce mata a kasuwa, ko da yake ɓawonta ya fi kusa da shunayya, da zane-zane kamar an bi shi da alƙalami. Sai ta zauna a kan 'yar kujerarta, ta riƙa ɗaukar dunƙule ɗaya bayan ɗaya tana matsawa da babban yatsa. Wanda ya lotsa ko ya fara tsiro, ta jefa shi kwandon da ke ƙarƙashin kujera. Wannan na tukunyar gidanta ne, ba ya hawa faifai. Daga nan ta jawo ƙaramin turminta da wuƙar da ta sirance saboda wasawa, ta jira mai saye.

Haka na same ta lokacin da na buɗe rumfar gyaran agogo a gabanta, kuma haka take har makon jiya, da yatsunta suka ƙi lanƙwasuwa ta miƙa wa surukarta kujerar. Ba a yi taro ba, ba a yi jawabi ba. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta wannan tun tana raye, tana iya sa a karanta mata ta ce na cika surutu.

Ba a sayen tafarnuwa a wurin Goggo sai an amsa tambaya. Ko wa ya tsaya, kafin ya nuna faifai za ta ce, "Me za a dafa?" Mahaucin da ke maƙwabtaka da ita yakan ce alƙali ma bai kai ta bincike ba, wai wata rana sai ta tambayi mai saye sunan kakarsa. Ita kuma ta ce masa ya ji da ƙudajensa. Amma tambayar tana da dalili, kuma duk wanda ya zauna kusa da ita ya haddace dalilin ko bai so ba. Fara tana da ƙwayoyi da yawa, na cikinta ƙanana masu wuyar ɓarewa, ƙamshinta mai sauƙi ne, kuma tana daɗewa a rataye ba ta lalace ba. Ja tana da ƙarfin ƙamshi da ɗan maiƙo, ɓawonta na fita da sauƙi, ƙwaya biyu ta isa inda fara sai an ninka, amma ba ta jure ajiya, ka ɗan manta da ita ka tarar ta yi tsiro. Wanda zai dafa abu mai daɗewa a wuta, ko mai son ya sayi ta wata guda ya huta, fara ce tasa. Wanda zai soya kifi yau, ko yake son miya ta yi magana tun daga ƙofar gida, ya ɗauki ja, kaɗan, ya dawo idan ta ƙare.

Na ga wata amarya ta zo za ta kwashi ja mai yawa don ta ji an ce ta fi daɗi. Goggo ta tambaye ta su nawa ne a gidan, ta ce ita da mijinta. Goggo ta mayar da fiye da rabin abin da ta ɗiba, ta cika mata da fara, ta ce in ta kai wancan tulin gida gona za ta yi a kicin ba girki ba. Na ga direban babbar mota ya tsaya da sauri yana nuna fara don ta fi girma da kyan gani, ta fasa masa dunƙulen a gabansa ya ga cikinsa kafin ta ƙulla. Ba ta taɓa saka wa mutum wani abu a leda da sunan wani abu ba. Wannan doka ce ta farko. Ta biyu kuwa, ba ta faɗin abin da wani ya saya. Mata suna zama a gefenta suna ɓare tafarnuwa suna zuba mata labarin gidajensu, kuma duk abin da ya shiga kunnenta a nan yake kwana.

Na daɗe ina ganin waɗannan dokoki biyu suna tafiya tare ba su taɓa karo ba. Ranar da suka yi karo ita ce dalilin wannan rubutu, kuma wanda abin ya shafa ya ba ni izini, har ya ce in ban rubuta daidai ba, zai karɓe rigar da ya ɗinka mini.

A ƙarshen layinmu akwai Baba Tela. Tun yana sabon aure wani da ya yi wa ɗinki ya dawo masa da riga yana cewa tana warin tafarnuwa. Abin ya yi masa ciwo, ya koma gida ya binciki kicin, ya ga ja, ya yanke hukunci cewa ita ce mai laifi, kuma daga ranar ba za ta sake shiga gidansa ba. Fara kawai ya yarda da ita. Mai ɗakinsa ta ce to. Washegari ta zo wurin Goggo ta sayi ja, ta zauna a gefen buhu ta ɓare ta tas, ta bar ɓawon a nan, ta wanke hannu da lemon tsami, ta ƙulle ƙwayoyin a ɗan tsumma. Ɓararriyar tafarnuwa ba ta da launi, duk fara ce. Sannan ta sayi dunƙulen fara guda ɗaya ta rataye a ƙusar da ke saman murhu, inda idon maigida zai faɗa duk lokacin da ya leƙo. Da yake fara tana jure ajiya, sai ta yi watanni a nan tana gadi. In ta bushe a sauya mata wata.

Haka suka tsufa. Baba Tela yana yabon miyar gidansa a duk majalisa, yana cewa ga shaida nan cewa fara ta wadatar. Ni da nake zaune a gaban rumfar na ga ɓarewar da idona, kuma wata rana na ji mai ɗakin nasa tana cewa Goggo, cikin dariya amma da gaske take, "Goggo, ko bayan raina kada ya ji daga bakinki. Mutumin nan kunya za ta kashe shi."

Allah ya yi mata rasuwa bayan gajeriyar jinya. Da aka watse, gidan ya rage Baba Tela shi kaɗai, don 'ya'yansa duk sun yi nisa. Ya ce zai dafa da kansa, ai ya ga yadda ake yi. Ya sauke farar da ke ƙusa ya yi miya, ya ɗanɗana, ya ture. Ya zo ya sayi wata farar, ya ƙara yawa, ya sake turewa. Autarsa ta zo ta kwana biyu, ta yi masa miyar yadda ta ga uwarta na yi, da farar da ta tarar a kicin, don ita ma ba ta san komai ba. Ya ci loma biyu ya ce Allah ya yi albarka, ya wanke hannu. Ta shiga ɗaki ta yi kuka, tana ganin girkinta ya raina.

Mu a kasuwa mun ga abin a jikinsa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yakan tsaya a tsakiyar ɗinki ya dafa keken yana lumshe ido. Abin da ya tayar da hankalin Auta shi ne ranar da take ninke kayansa ta ga sabon ɗinki a ƙugun wandonsa. Ya rage shi da kansa a ɓoye don kada a lura. Likita ya duba shi ya ce babu ciwon da ya gani, mutum ne da ba ya cin abinci. Auta ta kira yayyenta, suka yanke shawara: in har zuwa dawowarta ƙarshen wata bai koma cin abinci ba, za a rufe shagon, a ba da hayar gidan, ya koma wurinta da zama. Baba Tela bai yi musu ba. Ya dai ce mini, yana goge allurar keke, wanda aka raba shi da ɗakin da matarsa ta zauna da kuma keken da ya ci da iyali da shi, an gama da shi, saura a jira rana.

Na tsallaka wurin Goggo na faɗa mata. Na ce ta san maganin abin nan, ni ma na sani, ta kira shi ta gaya masa kawai.

"Da kunnenka ka ji abin da marigayiya ta ce mini," in ji ta.

Na ce wadda ta ce haka ba ta san zai kai ga wannan ba, kuma da za ta leƙo ta ga wuyansa da kanta za ta warware. Goggo ta ce mai yiwuwa ne, amma ba ta nan balle a tambaye ta, kuma alƙawarin da aka ɗauka wa mai rai ana iya komawa a nemi sassauci, na mamaci kuwa babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Na ce to ga hanya mai sauƙi: in ya zo sayen fara, ta ce za ta ɓare masa don ta rage masa wahala, ta ƙulla masa ja. Ba zai gane ba, zai ci, kowa ya huta.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Mai Agogo, in na kawo maka agogona ka sa masa batirin da ba shi na biya ba, ko da ya fi kyau, me sunanka?"

Na ce ai matarsa haka ta yi masa shekara da shekaru. Ta ce wannan tsakanin miji da mata ne, su suka san abin da suka yafe wa juna. Ita mai sayarwa ce, abin da ta ce yana cikin ƙulli shi ne a ciki. Mahauci da ke jin mu ya sa baki ya ce a ba shi Telan kwana uku ya ɗura masa romo, a daina wannan shari'a. Goggo ta ce romonsa ne ma zai ƙarasa shi.

Na koma rumfata ina juya abin. A ganina a lokacin, ga mutum yana ƙarewa, ga mace ta riƙe dokoki biyu kamar sun fi ransa. Na sani kuma ni ma ina iya zuwa in faɗa masa, tun da ba ni aka ɗora wa amana ba. Amma abin da na sani satar ji na yi, kuma Goggo ta ce in ba ta kwana biyu. Na ga dai ranar ba ta ci abincin ranarta ba, ta bar shi a rufe har aka tashi.

Da Baba Tela ya zo sayen fararsa, ta yi masa tambayar da take yi wa kowa. Ya ce miya, in ma za ta ciwu. Sai ta ɗauko 'yan kwalabe biyu, ɗaya mai shuɗin murfi ɗaya mai kore, kowace da dakakkiyar tafarnuwa a ciki. Ta daka su ne tun da safe don kada girman ƙwaya ya nuna wace ce wace. Ta ajiye a gabansa ta gaya masa gaskiya: ɗaya fara ce, ɗaya ja, kuma ba za ta faɗa masa wace ba sai ya dafa da kowace ya ci.

Ya ce ita ta san ja ba ta shiga gidansa.

"To ai shi ke nan," in ji Goggo. "Kai da ka san warinta tun kana ango, kana buɗewa za ka gane ta, sai ka zubar. Ko tsoro kake ji, Tela? Kai da ba ka yanka yadi sai ka auna, ka yanke wa abu hukunci shekara da shekaru ba ka taɓa gwada shi ba."

Ya ce shi ba ya tsoron tafarnuwa. Ta ce to ya ɗauka. Ta ƙara masa da cewa ya bari albasa ta yi laushi kafin ya zuba, ya rage wuta, kada ya bari ta yi baƙi don kowace iri ce in ta ƙone ɗaci take yi. Miya iri ɗaya, yau da kwalba ɗaya, gobe da ɗayar. Ya sa su a aljihu yana gunaguni, ya ce don dai kada ta ce ya raina ta ne.

Kwana biyu ba mu gan shi a layinmu ba. A rana ta uku da hantsi sai ga shi, ya ajiye kwalba mai shuɗin murfi a kan buhu, an sharce ta ƙal. Ya ce ta mai koren murfi irin wadda ya saba ce, ba laifi. Amma wannan, da ya zuba ta a mai, sai da ya juya ya dubi ƙofar kicin, kamar mai ɗakinsa za ta shigo. Ya ce ya cinye, ya ƙara, ya kankare tukunya. Ya ce ta ba shi irin wannan farar, ko daga ina take samo ta.

Goggo ta miƙa hannu faifan hagu ta ɗauko dunƙulen ja ta ɗora a tafinsa. Ta ce, "Wannan ce."

Ya daɗe yana kallon tafarnuwar. Ya juya ta, ya shinshina, ya dubi buhun da ke gefen Goggo, wurin da mata ke zama su yi ɓara. Mahauci ya daina sara.

"Goggo," ya ce a hankali, "ita ma wannan take saye?"

"Ban taɓa faɗa maka abin da wani ya saya ba, Tela. Ba yau zan fara ba. Ka tambaye ni ta cikin kwalba, na faɗa maka."

Ya gyaɗa kai. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, muka ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, ko da yake daga baya ta haɗu da ɗayan. Ya ce shekara nawa yana leƙa kicin yana gaishe da farar nan a ƙusa, yana cewa ga mace mai jin magana. Ya ce ashe don shi aka rataye ta, kamar yadda ake rataye wa jariri abin wasa. Ya goge ido da hannun riga ya ce, "Kuma ko sau ɗaya ba a sake dawo mini da riga ba." Mahauci ya ce dama wancan mutumin hammatarsa ce ke wari. Baba Tela ya sayi ja da ɓawonta, ya ƙi karɓar leda, ya bi layin kasuwa da ita a hannu kowa na gani.

Da Auta ta dawo ƙarshen wata ta tarar ya farke ɗinkin da ya yi wa ƙugun wando. Shi ya ba ta labari da bakinsa, ya kuma roƙe ta gafara kan loma biyun nan. Ba a rufe shago ba. Har yau in ka bi ƙarshen layinmu za ka ji ƙarar kekensa.

Na sha juya wannan al'amari a raina, kuma ba zan ce ya kwanta mini gaba ɗaya ba. Akwai mai cewa Goggo ta tona asirin ne ta bayan gida, don ta san sarai inda kwalaben za su kai shi. Gaskiya ne ta sani. Akwai kuma tambayar da ba ni da amsarta: da ya zaɓi koren murfi fa, ko ya ƙi ɗaukar kwalaben, me za ta yi? Na tambaye ta, ta ce ba ta sani ba, kuma ta gode Allah da bai kai ta nan ba. Abin da na iya fahimta shi ne, marigayiya ba gaskiyar take tsoro ba, tsoronta kada wani ya tsaya a gaban mijinta ya ce masa an yi maka wayo. Wannan kuwa bai faru ba. Harshensa ne ya gaya masa, a kicin ɗinsa, shi kaɗai. Ni hanyoyi biyu na gani, kowace sai an karya wani abu. Ita ta hana kanta abinci ta zauna har ta samo ta uku.

Goggo, ke ce kika riƙe amanar wadda ba za ta iya dawowa ta tuhume ki ba, ba ki kuma bar mai rai ya lalace saboda ita ba. Ke ce kika mayar da cinikin da ake yi a tsaye ya zama wurin da ake tambayar mutum halin tukunyarsa. Uwar faifai biyu, ba ki taɓa cewa ɗaya ta fi ɗaya ba, kin dai ce kowace da aikinta, a tambayi mai dafawa. Gidaje da yawa sun ci daɗi daga hannunki ba su san sunanki ba, kuma da yawa sun zauna lafiya don abin da kika ji kika haɗiye.

A ranarki ta ƙarshe a rumfa Baba Tela ya zo. Ya ɗauki jarsa, sannan ya miƙa hannu faifan dama ya zaɓi dunƙulen fara guda ɗaya, mai kyau, mai tauri. Kika ce masa, "Me za a dafa?" Ya ce wannan ba ta dafawa ba ce, ta ƙusa ce, waccan ta bushe. Kika karɓe ta daga hannunsa, kika matsa da yatsun nan da ba sa lanƙwasuwa, kika mayar, kika zaɓo masa wata, kika ce wannan za ta fi daɗewa.

Mun gode, Goggo. Allah ya sassauta miki ciwon yatsu, ya sa ki ci daga hannun waɗanda kika ciyar. Mu da muka rage a layin nan, da duk mai riƙe da awo ko wuƙa ko allura a ko'ina yake, ga abin koyi a kusa: ka tambayi wanda ke gabanka abin da zai yi da kayanka, ka faɗa masa gaskiyar abin da ke cikin ƙulli, kuma abin da aka ba ka ajiya ka riƙe shi ko mai shi ya tafi. In biyu daga ciki suka yi karo, kada ka yi saurin karya ɗaya.

Jiya da safe na ji surukarki ta tsayar da wani mai sauri, hannunsa na kan fara. Ta ce masa, "Tsaya tukuna, me za a dafa?"